Karkataccen harafi a bangon Baba

Babanmu mai rubuta allon shaguna ne. Shekara arba'in da wani abu ya yi yana yawo da tsani a kafaɗa, gwangwanayen fenti a cikin tsohon bokiti, da wani tsumma mai warin kananzir a aljihun baya. Duk abin da mai shago ya ce a rubuta, shi yake rubutawa. Ya rubuta wa mai gyaran agogo "Gyara nan take", alhali agogon Innarmu ya yi wata bakwai a hannun mutumin. Ya rubuta wa mai aski "Ba zafi, ba rauni", ya sauko daga tsani aka yi masa aski, ya dawo gida da auduga a bayan kunne. Idan ya shigo da yamma sai ya ajiye bokitin ya ce, "Yau ma na zana ƙarya mai tsawon taku goma sha biyu, da ja da shuɗi." Inna ta ce masa ya wanke hannu abinci na hucewa.

Aikinsa ba ya da aibi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Idan buroshi ya zame masa, kafin ka ƙifta ido tsumman nan ya fito ya shafe wurin. Ya sha gaya mana cewa fentin mai, da ɗanyensa ake goge shi, idan ya bushe sai dai a kankare, bango kuma ba ya komawa yadda yake. Mun ji wannan magana har ta fita daga kunnenmu.

Wata rana yana jiran fenti ya sha iska a ƙofar wani kantin takalma, zaman banza ya sa ya fara ƙirga haruffan sunayen lambobi. Shi a wurinsa duk abin da buroshi ya zana harafi ne, ba ruwansa da abin da malaman makaranta suke cewa. Sai ya ga uku harafi uku gare ta, huɗu tana da huɗu, biyar tana da biyar. Ya bar tsaninsa a can ya dawo gida da sassarfa, ya tarar da Inna tana wanki da tsohon ciki, ya ce mata ya gano masu gaskiya a duniya, su uku ne. Sauran lambobi duk masu shago ne: goma tana cika baki, ka leƙa ciki ka tarar da harafi huɗu. Inna ta tambaye shi ina tsanin. Ba a sake ganin tsanin nan ba.

Cikin da take ɗauke da shi ni ce. Mu shida ne, kuma tun daga ranar Baba ya daina kiran kowa da sunansa, sai da lambarsa. Yaya Ɗaya da Yaya Biyu sun riga sun yi wayo, ko a jikinsu. Uku da Huɗu da Biyar kuwa sai suka fara tafiya da kafaɗa a sama, musamman Biyar, wanda har yau in ya buɗe baki sai ka ji kamar shi ya kawo gaskiya garin. Ni aka bar wa Shida. Baba yakan ɗora ni a cinya ya ce, "Ke kin ce shida, amma biyar gare ki. Ina kika kai ɗayan?" Wasa yake yi, na sani, kowa ma dariya yake yi. Amma na taɓa jin yana gaya wa maƙwabcinmu mai walda cewa da so samu ne, a kan biyar zai tsaya. Yaro ba ya manta irin wannan, kuma ban manta ba.

A makon da aka haife ni ya fara bangon. Inna ta ce kukana ya gudu wa, shi kuma ya ce neman wuri yake yi, ko ɗaya ne, da zai rubuta abin da ba wanda zai ƙaryata. Ya hau sabon tsani a falo, can kusurwar sama ta hagu, ya ɗauki ƙaramin buroshi mai bakin gashin gira, ya rubuta da baƙin fenti:

A yana nan a gurbi na ɗaya, na uku, na biyar, na bakwai, na tara, na goma sha shida, na goma sha takwas, na ashirin, na ashirin da biyu, na ashirin da bakwai, na talatin da ɗaya…

Abin ba wuya. Zance ne da ba ya maganar komai sai kansa, yana faɗin inda kowane harafin a yake zaune a cikinsa. Ka sa yatsa ka ƙirga tun daga farko: harafi na ɗaya a ne, na uku a ne, na biyar ma haka, har ka gaji. Ba ƙarya ko ɗaya. Matsalar kawai ita ce duk lambar da ya rubuta don ya ambaci a guda ɗaya, ita kanta tana zuwa da nata, wani lokaci takwas, wani lokaci goma, su ma duk suna jiran a ambace su. Yaya Biyu ya yi masa wannan bayanin tun yana aji shida, ya ce, "Baba, ai wannan ba zai taɓa ƙarewa ba." Baba ya dube shi da tausayi ya ce, "To wa ya ce maka sauri nake yi?"

Lamba ɗaya yake rubutawa a rana, bayan ya dawo aiki, kafin hasken rana ya tafi. Yana da allura mai jan kai irin ta teloli, wadda yake sokawa ƙarƙashin a ɗin da ya ambata a ranar. Washegari ya zare ta, ya ƙirga zuwa na gaba, ya soka, sannan ya ɗauki fenti ya tafi inda rubutu ya tsaya ya zana sabuwar lamba. Allura tana matsawa harafi uku ko huɗu a rana, buroshi yana cin talatin da wani abu. Don haka kullum tazara ƙaruwa take yi. Buroshi ya gama falo ya shiga ɗakinmu, ya fito baranda, ya zagaya bayan kicin, allura kuwa tana nan a falo tana rarrafe.

Ina da shekara huɗu da 'yan watanni, rubutu ya sauko ƙasan bango na biyu, daidai tsayina. Ran nan Baba yana tsugune yana rubutu aka yi sallama a ƙofa. Ya jingine buroshi a bakin gwangwani ya fita. Ni kuma na daɗe ina kallon wannan harafi mai ƙaton ciki da kowa a gidan yake yi wa hidima, har na iya shi a ƙasa da tsinke. Na ɗauki buroshi da hannu biyu, na tsoma har wuya, na zana nawa a ɗan filin da ke tsakanin "da" da "ɗari". Ya fito ƙato, ya karkace, fenti ya taru a cikinsa ya yi tudu, har da ɗan hawaye yana gangarowa.

Na tuna inuwar Baba a kaina. Na tuna ya zaro tsumman nan daga aljihu, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu, 'yan'uwana suka yi layi a bakin ƙofa suna jiran a ci ƙaniyata. Bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya mayar da tsumman aljihu, ya dubi inda allura take can saman bango na farko, ya dubi aikina, leɓensa yana motsi.

"Idan na iso wurin, zan yanke hukunci," in ji shi.

Inna ta ce, "Yaushe ke nan, Malam?"

"Shekara talatin. Wataƙila da 'yar ɗoriya."

Ya tsuguna ya ci gaba da rubutunsa. Wallahi da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi, in yi kukana in share hawaye a wuce wurin. Sai ga shi an ɗage shari'ata shekara talatin, kuma a ɗakin da muke cin abinci.

A ƙarƙashin wannan na girma. Abu biyu ne zai iya faruwa, kowa a gidan ya sani. Ko allura ta iso ta tsaya ƙarƙashin harafina a ba shi lamba kamar kowa, ko Baba ya sa wuƙa ya kankare shi allura ta wuce. Biyar ya ce ko tantama babu kankarewa za a yi, don zancen Baba bai san da shi ba, kutse ya yi. Idan muka yi faɗa, ba ya zagina, sai kawai ya je ya tsaya gaban bango ya auna da yatsu ya ce, "Saura layi ɗari da tamanin." Layi ɗaya wata biyu yake ci. A wasu gidajen ana zana tsayin yara a jikin ƙofa, mu a gidanmu da allura ake tuna komai. Yaya Ɗaya ta yi aure allura tana daidai makunnin fitila. Huɗu ya karye a ƙafa tana gefen taga.

Da na kai shekara goma sha biyar na gaji. Na saci farin fenti na shiga falo da tsakar rana, na ce bari in kashe maganar da kaina. Ban ko buɗe gwangwanin ba na ji muryarsa daga baranda.

"Shida, bar shi. Ban iso ba."

"Baba, ai ni na ɓata, bari in gyara."

"Na ce ban iso ba."

Daga nan na tsani alƙalami. A makaranta malamai sun yi ta fama da ni, don duk kalmar da ke da a sai in matse shi ya yi ƙanƙanta har ba a ganinsa. Da na gama na nemi aikin da ba rubutu, na samu a gidan burodi, ina murza ƙullu. Shekarata ta uku a can mai gidan ya ce zai ƙara mini matsayi, in riƙa rubuta gaisuwa a kan kek. Na cire hular aiki na ajiye masa a kan tebur. Sai da ya biyo ni har titi yana ba ni haƙuri, bai san laifin da ya yi ba.

Shi kuwa bango sai ci gaba yake yi. Ya cinye ɗaki uku, Inna ta tsaya a ƙofar nata ta ce idan harafi ɗaya ya shigo, ita za ta fita. Sai ya zagaye ta ta waje. Ba a kafa ƙusa a gidanmu, ba a jingina katifa, hotunan aure duk a cikin akwati suke. Mijina, direban motar ɗaukar yashi ne, ranar da ya fara zuwa gaishe da Baba ya jingina bayansa da bango, sai da aka yi wata biyu ana lallashi kafin a sake barinsa ya shigo. Da rubutu ya gama katangar tsakar gida ya fita ƙofa, mai walda ya ce ga tasa katangar nan, dama ba fenti gare ta ba.

A nan ne hukuma ta shigo. Wani ma'aikaci mai kula da allunan talla ya zo da fayil a hammata, ya bi rubutun da ido tun daga ƙofarmu har shagon walda, ya tambayi Baba me ake tallatawa.

"A," in ji Baba.

"A me?"

"A kawai."

"A ina ake sayar da shi?"

"Ba a sayarwa. Faɗa ake yi inda yake."

"To ina yake?"

Baba ya kama hannunsa ya kai shi falo. Mutumin ya zauna ya ƙirga har gurbi na ɗari biyu yana neman kuskure, bai samu ba, Inna ta ba shi abinci ya ci. Daga baya duk ƙarshen wata sai ya biyo ya ga inda allura ta kai. Shi ya fara yaɗa labarin harafina a gari. Har ta kai idan na shiga kasuwa, mai kayan miya ba ta tambayata yara, sai ta ce, "Saura layi nawa?" Ina murmushin dole ina ba ta amsa.

Ba zan ce Baba bai ƙaunace ni ba. Ya saya mini takalma, ya kai ni asibiti a kafaɗa, ya yi kuka ranar da aka kai ni gidan miji. Amma mutum ne da bakinsa da hannunsa suka saba faɗin abin da ake so a ji, shi ma ya san haka, mu ma mun sani. Wuri ɗaya ne ba ya yi wa kowa kara. Abin da nake so in sani shi ne ko a wurin nan akwai ni, ko kuwa ni ma ƙari ce da aka haƙura da ita.

Saura layi goma sha ɗaya idonsa ya fara mutuwa. Yanar ido ce ta rufe shi. Aka yi masa aiki, na dama ya ɗan buɗe wata uku ya sake rufewa. Ya ajiye tsani, ya daina zuwa shaguna, amma bai ajiye ƙaramin buroshi ba. Hannunsa ya san hanya, yana lalubar inda jiya ta tsaya ya ɗora, sai dai haruffan sun ƙara girma. Ƙirgar ce ta gagare shi, sai ya raba mana kwanaki: Yaya Ɗaya Litinin, a bi da bi har zuwa ni ranar Asabar, Inna ta riƙe Lahadi. Mai ranar zai zo ya zare allura, ya karanta masa haruffa har zuwa a na gaba, ya soka. Ga mu manya da 'ya'yanmu, kowa ya baro aikinsa ya hau mota ya ƙetare gari don ya matsar da allura tsawon ɗan yatsa. Ba wanda ya taɓa fashi.

Ni kuma sai tsorona ya zama biyu. Ina tsoron allura ta iso, ina kuma tsoron kada Baba ya riga ta tafiya, a bar ni da Biyar a matsayin alƙali.

Biyar ya yi lissafi ya ga ranar za ta faɗo Juma'a, ranarsa. Ya sayi sabon tabarau. Ya ma zo da 'yar wuƙar kankare fenti ya ajiye a kan taga, wai don kada a tashi nema. Inna ta ɗauke ta ta jefa a kwandon shara, ya sayo wata. Ana saura kwana biyu, ran Laraba, Baba ya kwanta ya ce cikinsa yana ciwo, yau ba rubutu. Mutumin da ya rubuta lambarsa ranar da aka cire masa haƙori biyu, ya rubuta ranar da ruwa ya cinye rabin unguwa. Aka kawo magani ya ƙi sha, aka kawo abinci ya cinye tas ya nemi ƙari. Ran Alhamis ya tashi garau. Hukunci ya koma Asabar.

Na ce ba zan je ba. Mijina ya ce shi shekara goma sha biyu yana jiran ranar nan, har ya ba wani motarsa, idan ban je ba zai ɗauke ni kamar buhun siminti. Muka isa da hantsi. Falo ya cika, mai walda ya kawo benci biyu, ma'aikacin nan na talla ya yi ritaya amma ya zo da fayil ɗinsa, mai kayan miya ta rufe rumfa. Yara sun hau taga. Baba yana zaune a ƙasa kan tabarma, gab da bangon, ya sa rigarsa ta fita unguwa, idanunsa fari fat suna kallon sama. Wuƙar Biyar tana kan taga.

"Shida ta zo?"

"Ga ni, Baba."

"Jiya ina muka tsaya?"

Biyar ya yi caraf ya ce, "Dubu arba'in da bakwai da ɗari biyu da goma."

"Ba kai na tambaya ba. Shida, zare allura ki karanta mini."

Na durƙusa. Allura tana ƙarƙashin a na "da". Kusa da ita, ba komai a tsakani, ga nawa nan, ƙato, karkatacce, da busasshen hawayensa. Shekara talatin ban taɓa kallonsa kusa haka ba. Ashe ma ya fi yadda nake tunawa muni. Na zare allura, sai na ji ba zan iya ba. Ba zan iya ji daga bakinsa ba, a gaban mai kayan miya. Gara in fitar da kaina da kaina.

Na ce, "Harafi biyu ne, Baba. Ɗ, sai a. Ɗari biyu da goma sha biyu ke nan."

Na kai allura zan soka a ƙarƙashin "ɗari", sai na ji ya kama wuyan hannuna. Ban san tsoho yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Ƙarya kike yi," in ji shi. "A falona, a gaban bangona."

Ya saki hannuna ya miƙa nasa. Ya lalubi 'yan ramukan da allura ta bari, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo na jiya, ya ɗaga yatsa kaɗan, ya sauke shi a kan tudun fentin nan. Ya shafa shi a hankali, ya zagaya cikinsa, ya bi hawayen har ƙasa.

"Wannan fa? Shekara talatin ina tahowa wurinsa, ƙafa uku ƙafa huɗu a rana, sai na iso ki ce mini ba kowa a gida? Goma sha ɗaya. Soka."

Biyar ya ce, "Amma Baba, ai ba ya cikin…"

"Yana bangon ko ba ya bangon?"

"Yana nan."

"To rufe mana baki."

Na soka allura. Ban ga inda na soka ba, ido ya cika, sai da Inna ta gyara mini. Ina so in yi godiya, abin da ya fito daga bakina faɗa ne. Na ce, "Baba, yaushe ka yanke wannan? Jiya? Ran Laraba?"

"Ran da kika yi shi."

"Ran da na yi shi? Shi ne ka bar ni shekara talatin ina kwana ina tashi da abin nan?"

"Ke 'yar mai fenti ce ko 'yar mai aski? Tsumma yana hannuna, fenti ɗanye. Sau nawa na gaya muku yadda ake yi? Wanda zai goge ba ya tsayawa ya bushe."

Ashe kuwa duk mun ga tsumman nan ya koma aljihu a ranar, mu bakwai har da Inna, kuma ba wanda ya yi tunanin komai.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?"

"Da bakin nan? Bakin da ya ce wa mai agogo aikinsa na da kyau? Da na faɗa, da kin ce lallashi ne. Na ce bari bango ya faɗa. Shi kuma layi yake bi, ba ya tsallake kowa don 'yar mai gida ce."

Inna ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam," tana share ido da gefen mayafi.

Ya ce a tashe shi. Muka fita gaba ɗaya, shi a gaba yana dafe da kafaɗata, muka bi rubutun ta baranda, ta bayan kicin, ta tsakar gida, muka fita titi har ƙarshen katangar mai walda inda jiya ta tsaya. Masu wucewa suka tsaya suna tambaya ko rasuwa aka yi. Ya buɗe gwangwani da kansa, ya tsoma buroshi, ya share bakinsa, sai ya miƙo mini.

"Baba, ka san hannuna."

"Na san shi. Yanzu na gama shafa shi."

Na rubuta: na dubu arba'in da bakwai da ɗari biyu da goma sha ɗaya. Layin ya hau sama ya gangaro, fenti ya zuba a wuri biyu. Baba ya kai yatsa ya taɓa, ya ɓata hannun rigarsa.

"Har yanzu bai gyaru ba," in ji shi. "Guda nawa ne a ciki?"

Na ƙirga. "Goma sha uku."

"Duk karkatattu?"

"Duka."

"Biyar, yaushe allura za ta iso nan?"

Biyar ya gyara sabon tabarau ya daɗe yana lissafi a bayan takardar ma'aikacin talla. Ya ce kamar shekara ɗari biyu da saba'in.

"To ku shaida," in ji Baba, "kada a ce ban faɗa da wuri ba. Duk wanda ya iso, ya ƙirga su."

Ya zaro tsumman daga aljihu ya goge yatsunsa, ya mayar.

Wata biyar ya ƙara a duniya. Ya rasu ran wata Talata da safe, lambar ranar Yaya Biyu ne ya rubuta bayan an dawo daga maƙabarta, don Inna ta ce ba za a fara fashi a kanta ba. Aka raba kayansa, ba su da yawa. Biyar ya ɗauki tsani, Huɗu ya ɗauki bokiti. Ni Inna ta ba ni tsumman, wai shi ya ce a ba ni. Yana cikin jakata, har yanzu da ɗan warin kananzir. Ran Asabar nakan je in matsar da allura in rubuta tawa lambar, ta karkace yadda ta ga dama, kuma ban taɓa fito da shi ba.